Mutum-mutumin Da Ya Ƙi Bin Haske Bincike Yake Buƙata, Ba Kwandon Shara Ba

Cikin kayan koyon lantarki da ake sayar wa ɗalibai a kwali, ɗan mutum-mutumi mai bin haske yana cikin waɗanda suka fi farin jini. Ba shi da kai, ba shi da hannu. 'Yar mota ce mai taya biyu, da ƙananan injuna biyu, da gidan batir, da idanu biyu a gaba masu jin haske. Alƙawarin da ke jikin kwalin mai sauƙi ne: a haɗa, a kunna, a haska tocila, shi kuma ya biyo ta duk inda ta nufa.

Sau da yawa abin da ake gani a kan tebur daban ne. Ana kunna shi sai ya hau juyi wuri ɗaya. Ko ya tafi taku biyu ya tsaya, ya sake zabura. Ko a haska masa tocila ya juya baya ya shige ƙarƙashin kujera. Wani kuma ya yi aiki lafiya lau da daddare a ɗaki, washegari a gaban jama'a ya ƙi ko motsi. Nan take hukunci ke fita daga bakin ɗalibi: "Malam, ya lalace." Malam ya ɗauka, ya jujjuya, ya hura, ya ce jabu aka sayar musu. Daga nan sai cikin kabad, ya haɗu da 'yan'uwansa da suka riga shi.

Wannan hukunci ne ya kamata a sake dubawa, domin a nan ake zubar da mafi tsadar abin da aka saya. Haɗa kayan bisa hoton da ke cikin takarda aikin sa'a ɗaya ne, kuma duk yaron da ya iya bin umarni zai yi shi. Ilimin lantarki na gaske yana farawa ne daga lokacin da abin ya ƙi yin yadda aka zata. Na'ura irin wannan ba ta da taurin kai. Duk wani juyi da tsalle da take yi amsa ce ga wani abu da idanunta suka gani ko wayoyinta suka ji. Aikin mai koyo shi ne ya gano mene ne wannan abu, kuma aikin malami da iyaye shi ne su bar shi ya gano.

Sai an san yadda abin yake tafiya sannan a gane inda ya kauce. Idanun da ke gaban mutum-mutumin galibi wasu 'yan rezistoci ne da ake kira LDR, masu zanen layi a fuska kamar tafiyar maciji. A cikin duhu suna toshe wa wuta hanya, tsayayyarsu ta kai om miliyan ɗaya ko fiye. Da haske ya sauka a kansu sai su saki, ta sauko zuwa 'yan dubbai. Wannan hawa da sauka shi ake mayarwa umarni ga injunan, ko dai ta hanyar tiransista, ko ta wata ƙaramar ayisi mai kwatanta ƙarfin wuta biyu irin LM393, ko kuma ta allon Arduino ga kayan da ake rubuta wa manhaja.

Dabarar juyawa tana cikin yadda aka haɗa ido da inji. Idon hagu shi ke tuƙa tayar dama, idon dama ya tuƙa tayar hagu. Duk wanda ya taɓa tura amalanke ya san cewa in hannun dama ya fi ƙarfi, hagu take karkata. To haka nan, in haske ya fito ta hagu, tayar dama ta ƙara gudu, mutum-mutumin ya juya ya fuskanci hasken. Masanin ƙwaƙwalwa Valentino Braitenberg, wanda ya yi aiki a cibiyar Max Planck da ke Tubingen a Jamus, ya baje wannan tunani a littafinsa Vehicles na 1984. Ya nuna cewa in aka haɗa kowane ido da tayar gefensa, na'urar gudun haske za ta yi, in aka giccia wayoyin kuma ta auka masa. Mai kallo zai rantse ɗaya tsoro take ji ɗaya kuma faɗa take nema, alhali bambancinsu waya biyu ne kawai.

Saboda haka mutum-mutumin da ya tsere ƙarƙashin kujera lafiyarsa ƙalau. Idanunsa suna gani, injunansa suna ja, wayoyi ne aka musanya. Haka ma zai yi in aka sa LDR a gurbin rezistar da ke tare da ita, ita kuma aka sa ta a gurbin LDR, domin hakan na juya ma'anar haske da duhu. Wanda kuma ke juyi wuri ɗaya tun daga kunnawa, akasari inji ɗaya ne aka haɗa wa ja a mazaunin baƙi, sai taya ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya. Gyaran minti biyar ne, amma sai ga wanda ya tsaya ya kalli tayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Braitenberg ya kuma lura da wani abu da ya dace kowane malami ya riƙe: ƙera irin waɗannan na'urori ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a kalli halinsu daga waje a gano abin da ke ciki. Ke nan ɗalibin da ya haɗa cikin sauƙi sannan ya rasa gane dalilin rikicewa ba daƙiƙi ba ne. Ya iso wurin da aikin ya fi wuya ne.

Wannan rikitaccen hali ya girmi kayan da ake sayarwa yau. Tsakanin 1948 da 1949, William Grey Walter, masanin binciken ƙwaƙwalwa a cibiyar Burden da ke Biristol a Ingila, ya ƙera wasu na'urori biyu masu siffar kunkuru, ya raɗa musu suna Elmer da Elsie. Kowace tana da ido ɗaya mai jin haske, da ƙoƙon da ke jin taɓawa, da kwalaben lantarki biyu irin na tsohuwar rediyo. Duk da wannan ƙarancin kaya, sun riƙa yin abin da ke ba mutane mamaki. Suna bin haske matsakaici, suna ja da baya daga mai tsanani. Da yake akwai 'yar fitila a jikinsu, in suka zo gaban madubi sai su ga haskensu, su hau rawar jiki suna matsowa suna komawa. Mafi muhimmanci ga mai gyara shi ne abin da ke faruwa in batirinsu ya yi sanyi: halinsu ya canja, hasken da suke gudu ɗazu ya zama abin nema, su nufi ɗakinsu mai fitila inda ake yi musu caji. An nuna irinsu ga jama'a a bikin baje kolin Birtaniya na 1951. Walter bai ɗauki wannan canjin hali a matsayin lalacewa ba. Ya san sanadinsa, ya kuma ci moriyarsa.

Darasin Elsie har yau yana nan: batir yana canja hali. Shi ya sa bincike daga nan yake farawa. Ƙaramin inji yana zuƙar wuta a lokacin tashi ninki da yawa na abin da yake ci in ya kama gudu, haka ma in taya ta cije. Batirin da ya gaji, ko irin mai arha na zinki da gawayi da aka yi domin rediyo da agogon bango, ba ya iya ba da wannan wuta farat ɗaya. Ƙarfinsa sai ya faɗi na ɗan lokaci. In allon Arduino ne a kai, faɗuwar nan ta ishe shi ya mutu ya sake tashi daga farko. Yana tashi ya umarci injuna su juya, su sake zuƙe wutar, ya sake mutuwa. Wannan shi ne sirrin mutum-mutumin da ke tafiya taku biyu yana tsayawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cire batir, a ɗora masa mita, a ga ya nuna cikakken ƙarfi, a wanke shi daga zargi. Batirin da ba ya ɗauke da kaya kusan kullum lafiyayye yake nunawa. Awon da ke faɗin gaskiya shi ne wanda aka yi injuna na juyawa. A maƙala bakin mita biyu a gidan batir, a ɗaga mutum-mutumin sama, a kunna, sannan a ɗan danne taya da yatsa ana kallon lambobin. Batura huɗu na AA da ya kamata su ba da bolt 6, in aka ga sun zube zuwa 4 ko ƙasa da zarar yatsa ya taɓa taya, an kama mai laifi.

Akwai kuma batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9, wanda masu koyo ke ƙauna saboda lambar da ke jikinsa ta fi girma. Cikinsa ƙananan ƙwayoyi ne guda shida a jere, abin da yake iya ajiyewa bai kai rabin na batirin AA mai kyau ba, kuma ba a yi shi don jan inji ba. Ga waɗanda ke amfani da allon tuƙa inji na L298N, wani abin lura shi ne ayisin da kanta tana cinye kusan bolt 2 kafin wuta ta isa inji, don haka bolt 6 a gidan batir ba shi ne bolt 6 a taya ba. Mai ƙoƙarin ya tsallake wannan allo ya haɗa inji kai-tsaye da ƙafar Arduino kuwa ya sani cewa ƙafa ɗaya ta Uno miliamfa 20 aka yi ta ta ɗauka, iyakarta 40, inji kuma ya fi haka ci ko ba ya jan komai.

Bayan batir sai hayaniyar injin. A cikin waɗannan ƙananan injuna akwai 'yan burushi da ke gogar sandar da ke juyawa, suna haɗuwa suna rabuwa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, kowace rabuwa da ɗan tartsatsinta. In aka kashe fitila aka leƙa ta ramin bayan injin, wani lokaci har ana ganinsa. Tartsatsin nan yana komawa cikin wayoyi ya gurɓata saƙon da ke fitowa daga idanu, sai ayisi ta ɗauka haske ne ya motsa. Maganinsa wata 'yar kafasita ce mai kama da ƙwayar magani, mai lamba 104 a jiki, da ake liƙawa da dalma a kan ƙafafun injin biyu. Sai babbar kafasita mai ɗaruruwan maikurofarad a inda wuta ke shiga allo, ta riƙa cike giɓi in batir ya ɗan faɗi. In tiransista ce ke kunna injin, dole a sa dayod a gicciye da shi, domin koyil ɗin inji yana harbo wuta baya duk lokacin da aka yanke masa, harbin da kan kashe tiransista.

Wasu na raba wutar gida biyu, batir ɗaya na ƙwaƙwalwa, ɗaya na injuna. Dabara ce mai kyau, da sharaɗi guda: a haɗa baƙaƙen wayoyin biyu wuri ɗaya. In aka manta da wannan, allunan biyu ba su da ma'auni ɗaya da za su fahimci juna da shi, rikicin da za a gani ya fi na da.

Sai idanu, inda mafi yawan abin mamakin yake. Ba a samun LDR biyu da suka yi daidai da juna. Takardar bayanin LDR samfurin GL5528, wadda ke cikin waɗanda aka fi sakawa a irin waɗannan kaya, ta ba da tsayayyarta a haske mai rauni tsakanin kusan om 10,000 da 20,000. Ma'ana, biyu daga leda ɗaya, ɗaya na iya ninka ɗaya, kuma kamfani bai yi ha'inci ba. Mutum-mutumin da idonsa ɗaya ya fi ɗaya gani zai yi ta karkata gefe guda ko da haske na gabansa sak. Don haka ne ake sa 'yar rezista mai juyawa a kan allo, wadda ake murɗawa da ƙaramin sukudireba har tayoyi biyu su daidaita. Yara da yawa ba su san amfaninta ba, wasu kuma su murɗe ta har ƙarshe tun kafin a kunna.

Daidaitawar ma ta wuri ce. Hasken aji yana kaiwa 'yan ɗaruruwan luks, na tsakar rana a fili kuwa yana iya kai 100,000. Abin da aka saita a ɗaki da dare, in aka fito da shi filin makaranta da hantsi, idanun biyu duk sun cika sun batse, tocila ba ta ƙara musu komai, bambancin da ake tuƙi da shi ya ɓace. Ko a cikin aji, taga ɗaya a buɗe ta fi kowace tocila ƙarfi, kuma mutum-mutumin da ya bar mai tocila ya nufi taga aikinsa yake yi daidai. Farin tayil yana mayar da haske daga ƙasa. Farar riga tana jan sa, inuwar mai kallo tana korar sa. Wasu kayan ma suna da 'yar fitilar ado kusa da idanu, sai na'urar ta riƙa ganin hasken kanta, irin abin da ya sami kunkurun Walter a gaban madubi.

Gyaran a nan ba ya cin kuɗi. A yanki guntun bututun biro ko a naɗe baƙin salatif, a yi wa kowane ido rumfa yadda zai ga gabansa kawai. A ɗan ware su, ɗaya ya kalli dama kaɗan, ɗaya hagu kaɗan, a tsayar da ɗan baƙin kwali a tsakaninsu. Da yawan mutum-mutumin da aka yanke wa ƙauna wannan kaɗai ya ishe su.

A sababbin kaya akan sami wani ido daban, tiransista mai jin haske, musamman tunda dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2006 ta taƙaita amfani da sinadarin kadmiyom da ake yin LDR da shi. Wannan ido ya fi sauri, kuma da yawansu sun fi jin hasken infrared da idon mutum ba ya gani, wanda rana da tsohon ƙwan fitila mai zafi ke fitarwa da yawa. Saurinsa kuma na sa ya ga abin da ke ɓoye wa mutane. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, don haka dogon ƙwai da wasu ƙwayayen LED masu arha suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Mai rubuta manhaja da ke karanta ido sau ɗaya ya yanke hukunci zai ga lambobi suna tsalle. In ya karanta sau ashirin ya ɗauki matsakaici, sai su nutsu.

Akwai wata karkarwa ta daban da ke zuwa daidai lokacin da mutum-mutumin ya fuskanci haske sak. Idanu biyu sun kusa yin kunnen doki, sai ayisi ta rasa matsaya: dama, hagu, dama, hagu, sau da yawa a daƙiƙa. Duk mai fitilar tsaro da ke kunna kanta da magariba ya san irin wannan, in an kafa idonta inda haskenta ke komo masa. Ta kunna, ta ga haske, ta ɗauka gari ya waye, ta mutu, ta ga duhu, ta sake kunnawa. Maganin ya fito daga hannun Otto Schmitt, masanin Amurka da ya wallafa shi a 1938 bayan nazarin yadda saƙo ke bin jijiya. Dabararsa ita ce a raba matakin kunnawa da na kashewa, a bar tazara a tsakani. A kan LM393 ana yin haka da babbar rezista guda daga ƙafar fita zuwa ƙafar shiga mai alamar tarawa. A manhaja kuwa layi ɗaya ne: in bambancin idanu biyu bai kai kaza ba, a miƙe kawai. Ita LM393 tana da wani sharaɗi da masu koyo ke yawan tsallakewa, wato ƙafar fitarta ba ta iya ɗaga kanta sama, sai an sa mata rezista zuwa layin ja. In babu ita, saƙon yana lilo ne a iska.

Ragowar matsalolin na hannu ne. Injuna biyu masu giya ba sa gudu ɗaya. Zare ko gashi yana naɗe sandar taya. Ƙurar hunturu tana kwanciya a fuskar ido. Dalmar da ba ta narke da kyau ba takan yi dunƙule mai duhu, ta riƙe waya a ido amma ta sake ta da zarar an yi girgiza, shi ya sa abin ke aiki a hannu ya ƙi a ƙasa. Allon gwaji mai ramuka kuma bakinsa na saki in ya tsufa.

Duk wannan jeri ba haddace shi ake so ɗalibi ya yi ba. Tsarin binciken ake so ya kama. A ɗora mutum-mutumin a kan gwangwani, tayoyi a sama. A rufe ido ɗaya da yatsa a ga wace taya ta amsa, a rufe ɗayan. A auna wuta a batir, a ido, a fitar ayisi, a bakin inji, bi da bi, har a iso inda lamba ta saɓa wa hankali. In ana zargin ido, a musanya na dama da na hagu: in matsalar ta bi shi ta koma ɗaya gefen, shi ne, in ta tsaya inda take, a wanke shi a duba gaba. A canja abu ɗaya tak kafin kowane gwaji, a rubuta abin da aka canja da abin da aka gani. Wanda ya sauya batir da waya da ido lokaci guda, ko abin ya tashi bai san me ya gyara ba, kuma ranar da ya sake rikicewa daga farko zai fara.

Manyan injiniyoyi ma wannan hanya suke bi. A ranar 4 ga Yuli, 1997, kumbon Pathfinder na hukumar NASA ya sauka a duniyar Mars. Bayan 'yan kwanaki kwamfutarsa ta fara kashe kanta tana sake tashi. Ba mai iya zuwa ya duba. Injiniyoyin cibiyar JPL da ke Kalifoniya suka koma kan irinsa da ke ɗakin gwajinsu, suka kunna rajistar da ke rubuta duk abin da kwamfutar ke yi, suka yi ta maimaita aikin har matsalar ta bayyana a gabansu. Ashe wani ƙaramin aiki ne ke riƙe hanyar da babban aiki ke jira, wasu ayyuka matsakaita kuma suka hana ƙaramin gamawa. Suka aika gyara daga nan duniya, kumbon ya ci gaba da aiki. An taɓa ganin alamar matsalar tun a gwajin kafin tashi, amma ba a iya maimaita ta a lokacin ba. Yaron da ke ƙoƙarin sa mutum-mutuminsa ya sake yin wannan tsallen da gangan, don ya kama shi a kai, aikin da suka yi yake koya.

Mai ƙorafi zai ce ai wasu kayan da gaske ba su da kyau, kuma yana da gaskiya. Akan sami tiransista matacciya tun daga leda, akan sami allon da layinsa ya yanke. Zai ƙara da cewa malamin da ke da ɗalibai fiye da hamsin da minti arba'in ba shi da sukunin bin waya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai ba a sanin kaya matacce ne sai an auna, kuma ɗalibin da ya iya nuna cewa ga tiransistar da ta mutu, ga hujjarsa a mita, ya fi wanda nasa ya tashi da sa'a ƙaruwa. Batun lokaci kuwa tsari ne. Maimakon a saya wa kowane ɗalibi kwalinsa a haɗa a yini ɗaya a ɗauki hoto, gara a raba su rukuni-rukuni, a ware darasi ɗaya na haɗawa, biyu na bincike.

Akwai abin da ya rataya a wuyan kowa. Mai sayar da kaya ya daina ba da hoton haɗawa kaɗai, ya sa zanen da'irar da ke nuna inda kowace waya ta fito da inda ta nufa, da adadin wutar da ya kamata a samu a muhimman wurare. Makarantar da za ta sayi kwali goma ta sayi takwas, ragowar kuɗin ta sayi mita da batura masu caji da 'yan kafasitoci da dayod na ajiya. Ƙungiyoyin JETS na makarantun sakandare da masu shirya gasa su ba littafin bincike maki kamar yadda suke ba na'urar da ta yi tafiya, a tambayi yaro me ya ƙi, me ya auna, me ya gano. Iyaye kuma in yaro ya kawo kuka, su danne sha'awar karɓewa su kai wa mai gyara ko su sayo sabo, su tambaye shi wace taya ce ke juyawa in ya rufe idon hagu.

Malaman wannan fanni ma ba su yi nisa ba. Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano, da masu gyaran rediyo da talabijin da fanka a kowane gari, da mita suke kwana suke tashi. Sun san dalmar da ta bushe da ido, sun san a bi layi daga batir har inda wuta ta tsaya. Shugaban makarantar da ya gayyato ɗaya daga cikinsu ranar kulob, ya buɗe kabad ya fito da duk mutum-mutumin da aka ce sun lalace, ya raba wa ɗalibai tare da mita da takardar rubutu, ya sami kayan darasin zango guda ba tare da ya sayi sabon kwali ko ɗaya ba.